"Ba a fafe gora ranar tafiya": ta hau kan yaƙin Iraƙi kuwa?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum. Masana, a duba mini wannan. A Disambar 2004, a wani sansani a Kuwait, wani sojan Amurka ya tashi ya tambayi sakataren tsaronsu, Donald Rumsfeld, me ya sa suke tonon juji suna tsintar ƙarafa suna liƙa wa motocinsu don kare kai daga bom. Amsar da ya bayar ita ce, da rundunar da kake da ita ake zuwa yaƙi, ba wadda kake buri ba. Ni dai ina jin haka na ce ai ba a fafe gora ranar tafiya. Na yi daidai?

Baba Mai Carbi: Wa alaikumus salam. Ka yi daidai, ɗana, amma ka san me ake nufi da fafewar? Ba yanke bakin gora kaɗai ba ne. Sai an kwashe 'ya'yan, an zuba tsakuwa da ruwa an yi ta girgizawa har cikin ya fita, sannan a jiƙa shi kwanaki ana sauya ruwa. Wanda ya yi gaggawa, yana tsakiyar daji zai kurɓa ya ji ɗaci. Karin maganar na magana ne a kan abin da kuɗi ba sa saya, wato lokaci. Amurka ba ta rasa kuɗin sulke ba. An shiga Iraƙi ranar 20 ga Maris 2003, Bagadaza ta faɗi 9 ga Afrilu, suka ɗauka an gama. Bama-baman gefen hanya ba su cikin lissafi.

Malama Uwani: Baba, a yi mini afuwa, ban yarda ba. Mai fafe gora tafiyarsa ta zama dole, gorar ce kawai matsalarsa. In muka ɗora wannan karin maganar a kan Iraƙi, mun amince ke nan tafiyar halal ce, shirin ne ya gaza. Alhali me aka ce ana nema? Makaman ƙare dangi. Colin Powell, sakataren harkokin wajen Amurka a lokacin, ya je Majalisar Ɗinkin Duniya ranar 5 ga Fabrairu 2003 da hotuna da 'yar kwalba a hannu. Hans Blix, shugaban masu binciken makamai na Majalisar, da mutanensa suna neman ƙarin lokaci, aka ƙi. Aka shiga, aka duba ko'ina, ba a samu tarin makaman ba. Ko da kowace mota ta sha sulke har rufi, wannan bai wanke dalilin ba.

Ɗan Fagge: To Malama, wacce za mu sa? Yaƙi ɗan zamba ne?

Malama Uwani: A'a, ƙanena. Zambar da ake nufi a nan abokin gaba ake yi wa a fagen fama, ka nuna gabas ka ɓullo yamma. Ba mutanenka za ka ruɗa su ba ka 'ya'yansu ba.

Na Damagaram: Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

Malama Uwani: Da ma haka ne. Bakin 'yan Iraƙi ya fi ƙonewa, su kuwa ba su ɗebo komai ba.

Baba Mai Carbi: 'Yata, na ji ki, amma kada ki raba abin da yake haɗe. Kwamitin Chilcot, wanda ya binciki shigar Ingila yaƙin, a rahotonsa na Yulin 2016, cikin abubuwan da ya kama gwamnatin Firaminista Tony Blair da su akwai biyu: an tafi yaƙi ba a ƙure hanyoyin sulhu ba, kuma an yi jinkirin ba sojoji motocin da za su jure bom, aka bar su da Land Rover marasa kauri. Sojojin Ingila 179 suka mutu. Me ya hana shiri? Gaggawa. Me ya kawo gaggawar? Tsoron kada a jira dalilin ya rushe. Wanda yaƙi ya faɗo wa cikin dare, ba a zarginsa da ɗanyar gora. Waɗannan su suka sa ranar da kansu.

Na Damagaram: Nan Baba ya kama ni. Ashe amsar Rumsfeld ta wanda aka kai wa hari ce, shi kuwa shi ya kai.

Malama Uwani: Wannan na karɓa. Amma in zan faɗe ta a kan Iraƙi, sai na ƙara da tambayar wa ya aike su. In ba haka ba, mai sauraro zai tashi da cewa a karo na gaba a tanadi motoci masu kyau, shi ke nan.

Ɗan Fagge: Baba, an ba ka rabi an riƙe rabi. Akwai wadda ta haɗa duka biyun, ko mu jira Malam na Zariya ya shigo?