Dillalin da ya ɗauke Soto daga Bronx: wa ya ga aikinsa da idonsa?

Direban Dare: Assalamu alaikum jama'a. Shekaranjiya na ɗauko wani Bature daga filin jirgin LaGuardia, da hular Yankees a kansa. Muka bi ta gadar Whitestone, muna zuwa daidai filin Mets ya sauke gilashi ya tofar da yawu. Na ce lafiya? Kalma ɗaya ya faɗa: Boras.

Ga waɗanda ba su damu da besbol ba, Scott Boras wakilin 'yan wasa ne, mu dai ce dillali. Shi ya yi cinikin da Juan Soto ya bar Yankees, ƙungiyar unguwar Bronx, ya koma Mets, ɗayar ƙungiyar New York, a Disamban 2024, shekara 15 kan dala miliyan 765. Daren Lahadin da labarin ya fito ina kan aiki. Rediyon motata kamar gidan makoki, kowa ya bugo waya sai zagi. Na tsaya sayen shayi a kantin wani ɗan Dominika a Grand Concourse, na tarar da shi yana rawa a bayan kanta, ga tutar Yankees rataye a samansa. Na ce ba ƙungiyarka aka yi wa kwace ba? Ya ce ƙungiya ta masu kuɗi ce, Soto kuwa yaron Santo Domingo ne.

Duk wanda ya taɓa cin karo da aikin mutumin nan a garinsa ya ba mu labari, amma abin da ka gani da kanka.

Ɗan Nima: Wa alaikumus salam Alhaji. Ni ina cikin filin ranar 16 ga Mayun 2025, dawowar Soto Yankee Stadium ta farko. Yarona ne ya matsa. Mun zauna can baya ta hannun dama, wurin masu tsaurin ido. Da ya fito ya tsaya a gurbinsa, sai kawai mutanen layinmu suka miƙe suka juya masa ƙeya gaba ɗaya. Ni ban san an shirya haka ba, na tsinci kaina ni kaɗai ina kallon gaba kamar baƙon biki. Da ya zo bugu kuwa, ihun ya isa ya kashe kunne, shi kuma ya cire hular kwanonsa ya ɗaga musu yana murmushi. Yankees ɗin ma fa an ruwaito miliyan 760 suka taya, a shekara 16. Wani dattijo kusa da ni sai maimaitawa yake, wai a kan miliyan biyar. Yaron bai ci komai ba har muka dawo gida.

Maman Ilham: Ni a Filadelfiya nake, ina aiki a gidan kula da tsofaffi. Akwai wani tsoho da nake yi wa wanka, Allah ya ji ƙan rai, kullum rigar Bryce Harper, ɗan wasan Phillies, ƙungiyar garin nan, yake so a sa masa. Wata rana ana hira da Boras a talabijin ya ce in kashe. Sai ya ba ni labarin J.D. Drew, yaron da Phillies suka zaɓa a 1997, Boras ya ce kuɗin bai kai ba, yaron ya ƙi sa hannu ya tafi wata ƙaramar ƙungiya a St. Paul, shekara na zagayowa Cardinals suka ɗauke shi. Da ya zo garin nan wasa a 1999 har batir aka jefe shi da shi. Tsohon ya ce yana wurin, na ce kai ma ka jefa? Ya yi shiru yana kallon silin.

Daga baya jikarsa ta faɗa mini cewa Harper ɗin da yake sawa a ƙirji, Boras ne ya kawo shi a 2019, shekara 13, miliyan 330. Na ce Baba, ashe dillalin ɗaya ne. Ya ce in miƙo masa ruwa.

Mai Magani: Hajiya, kin ba ni dariya. Ni a Elk Grove nake zaune, kusa da Sacramento, kuma nan ne garin da Boras ya tashi, a gonar shanun madara ta mahaifinsa. A nan ba ka jin zaginsa kamar can. Wata abokiyar aikina ce ta fara ce mini ai ɗan sana'armu ne, na ɗauka wasa take. Ashe da gaske ne, ya karanta haɗa magunguna a University of the Pacific ya gama a 1977, sannan ya yi lauya ya gama a 1982.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne shi kansa an taɓa cinikinsa. Shekara huɗu ya yi yana wasa a ƙananan rukunai, a ƙarƙashin Cardinals da Cubs, bai taɓa taka babban rukuni ba, gwiwa ta ajiye shi. Ni ma gwiwa ce ta ajiye ni a ƙwallon ƙafa ina da shekara 21, kafin in zo ƙasar nan. Har yau ina tuna yadda mai horar da mu ya dafa kafaɗata a bakin fili, idonsa na kan yaron da zai maye gurbina. Washegari aka karɓi takalman da aka ba ni. Saboda haka in an ce ɗan wasa ya yi wa ƙungiya butulci, ni ba na saurin cewa na'am. Wanda aka taɓa karɓe wa takalmi ya san abin da ƙungiya ke yi in ƙafa ta ƙi.

Farkon waɗanda ya tsaya wa ma abokansa ne na wasa. Bill Caudill, da suka haɗu a ƙananan rukunai, shi ya samo wa kwantiragin miliyoyi a Toronto a 1985. Daga nan Kevin Brown a 1998, na farko da ya haura miliyan 100, sai Alex Rodriguez miliyan 252 a shekarar 2000.

Bazazzagin Phoenix: Malam Mai Magani, kada ka wanke shi tas. Ba kullum ake kwana a gado ba. Ina aikin ajiye motoci kusa da filin Diamondbacks, kuma na ga abin da ya sami Jordan Montgomery, mai jifan ƙwallo da Boras ya wakilta. Ya ci kofi tare da Texas a 2023, aka yi ta jan ciniki duk hunturu har ƙarshen Maris, ana gab da fara kaka, ya ƙare a Diamondbacks da shekara ɗaya tal, miliyan 25. Bai yi atisayen share fage da kowa ba. A Afrilu ya sallami Boras. Jifarsa ta lalace a shekarar, ina jin 'yan kallo suna fitowa suna tsine masa a bakin motocinsu. Jira ma yana da ranar da yake cin mutum.

Mai Magani: Gaskiya ne. Amma Blake Snell da ya sha irin wannan jiran a hunturu ɗaya da shi bai sallame shi ba, kafin shekarar ta ƙare ya sami miliyan 182 a Dodgers.

Kawu Potiskum: Yara, ni na ga Boras ido da ido. A Dallas nake tuƙi, kuma a nan aka yi taron hunturu na masu ƙungiyoyi a makon da aka yi cinikin Soto. Na shiga zauren otal ɗin neman fasinjana, na ga 'yan jarida sun yi dafifi, waya da makirufo a sama, wani mai furfura a tsakiya yana magana a hankali ba gaggawa. Aka ce shi ne. Wallahi mahaifina na tuna. Shekara talatin yana dillanci a kasuwar shanu, kuma haka yake tsayawa, hannu ɗaya a tozon sa, mai saye ya taya ya ce albarka, ya ƙara ya ce albarka, alhali ya riga ya hango wani Alhaji yana tahowa daga bakin kara. Soto ma ai a 2022 Washington ta taya miliyan 440, aka ce albarka. Mutane suka ce yaro ya haukace. Masu saye ba su taɓa son mahaifina ba, amma ranar da za su sayar da nasu, ƙofarmu suke ƙwanƙwasawa kafin asuba.

Direban Dare: Kawu, na buga lissafin la'adar. Kashi 5 cikin 100 na 765 ya haura miliyan 38. Na fara raba shi da kuɗin zuwa LaGuardia, sai na ajiye wayar. Ɗan Nima, ya yaron da rigarsa ta Soto?

Ɗan Nima: Ya so ya jefar, Alhaji. Allah ya taimake ni irin wadda ba suna a baya na saya, lamba 22 kawai. Da Ben Rice na Yankees ya karɓi lambar sai na ce masa ai rigar Rice ce tun asali. Jiya ma da ita ya tafi makaranta.