Masu buga gem ɗina sun yi mini ca da buƙatu, ku yaya kuke yi da naku?

Mai gem ɗin gina gari:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambayata ga waɗanda suka riga ni fitar da gem ce, musamman masu aiki su kaɗai ko su biyu-uku, ba tare da babban kamfani a bayansu ba. Gem ɗina yana Steam, shagon sayar da gem ta intanet, a matakin Early Access, wato ana saye ana bugawa alhali ban kammala shi ba. Alhamdu lillahi ya karɓu fiye da zatona, sai dai karɓuwar ta zo da nata nauyin. Kullum na buɗe Discord, manhajar zauren hira ta masu buga gem, da X sai in tarar da buƙatu jibge. Wannan yana so a riƙa bugawa da abokai ta intanet, wancan yana so a kai shi Switch, na'urar buga gem ta Nintendo, wani yana so a fassara shi zuwa harshensu, wasu kuma sun ce muddin ban cire tsarin harajin da na saka ba za su juya sharhinsu na yabo ya koma kushe. Akwai masu roƙo da ladabi, akwai masu magana kamar suna bina bashi. Ni ke rubuta kod, ni ke zane, ni ke amsa saƙo, kuma amsa saƙon ya fara cinye lokacin aikin. Ku da kuka sha wannan, ku ba ni labarin abin da ya same ku.

Tsohon hannu:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka ce suna magana kamar suna binka bashi. To ka sani, a wurinsu duk abin da ka furta a fili bashi ne. Wani ya taɓa tambayata ko za a sa dawakai a gem ɗinmu, na amsa masa da cewa shawara ce mai kyau, za mu duba. A wurina magana ce ta mutunci kawai. Bayan wata da watanni sai ga hoton wannan amsar yana yawo, an zagaye ta da jan layi, ana cewa mun yi alkawarin dawakai mun saɓa. Mai tambaya ba ya jin "za mu duba", abin da yake ji shi ne "suna nan tafe".

Ba ni kaɗai ba ne. Ka tuna No Man's Sky na Hello Games, ƙaramin kamfani a Ingila. Kafin fitowarsa shugaban kamfanin, Sean Murray, ya yi ta hira da 'yan jarida yana faɗin abubuwan da suke burin sakawa. Da gem ɗin ya fito a watan Agusta na 2016 babu wasu daga cikinsu, mutane suka tattaro hirarrakin nan ɗaya bayan ɗaya suka jera abin da aka ce da abin da aka gani. Kamfanin ya yi gum na tsawon watanni, sai a Nuwamba ya saki ƙari na farko, kuma cikakken wasa da abokai bai zo ba sai Yulin 2018. Tun daga nan suka koma ba sa sanar da abu sai ya kusa kammala, kuma kyauta suke bayarwa. Da aikin ne suka dawo da sunansu.

Haka Valheim. Mutum biyar ne suka fitar da shi a Fabrairun 2021 tare da jadawalin manyan ƙare-ƙare huɗu na wannan shekarar. Gem ɗin ya sayu miliyoyi cikin makonni, gyaran tangarɗa ya sha musu kai, a watan Yuni suka fito suka rage jadawalin. Ni dai yanzu ba na sa rana ga komai, kuma ba na ambaton abin da ban riga na gan shi yana aiki a kwamfutata ba.

Mai zane:
Yaya tsohon hannu, na yarda da kai a batun alkawari, amma ina tsoron kada ɗan'uwanmu ya ɗauka maganin shi ne toshe kunne. Ni mafi amfanin gyaran da na taɓa yi daga ƙorafin masu wasa ya fito, sai dai ba abin da suka nema na ba su ba.

Akwai wani dodo a tsakiyar gem ɗinmu da mutane suka yi ta kuka da shi. Duk bakinsu ɗaya: ya yi ƙarfi, a rage masa rai. Abokin aikina har ya buɗe fayil zai rage lambar. Na ce ya dakata, na je Twitch, shafin da ake kallon masu buga gem, na zauna ina kallon wani yana fafatawa da dodon kai tsaye. Sai na lura kusan a wuri ɗaya yake mutuwa kowane zagaye. Kafin dodon ya kai sara, hannunsa yakan yi wani haske ja don mai wasa ya kauce, amma bangon ɗakin da ake faɗan shi ma ja ne. Mu da muka zana shi mun san lokacin da hasken zai zo, shi ya sa idonmu yake kama shi. Shi kuwa bawan Allahn nan bai taɓa ganinsa ba, sai dai ya ji sara daga sama, ya dafe kai ya ce gem ɗin zalunci yake yi. Na mayar da hasken fari, na ƙara wata 'yar ƙara kafin saran. Ran dodon ko ɗigo ban taɓa ba. Kukan ya mutu, har wasu suna gode mana wai mun rage masa ƙarfi.

Mai wasa kamar marar lafiya ne a gaban likita, ya fi kowa sanin inda yake masa ciwo, amma ba shi zai rubuta magani ba. Don haka masu cewa ka cire haraji, ka bi diddigi ka ga me yake ƙona musu rai a cikinsa. Wataƙila ba su fahimci yadda ake lissafa shi ba ne, ko kuma yana faɗo musu a lokacin da garinsu bai tsaya da ƙafarsa ba.

Mai rubuta kod:
Ni a kan wasa da abokai kawai zan yi magana, don na yi shi kuma na san abin da ya ci mini. Masu nema suna ɗauka maɓalli ne za ka danna. Gem ɗin da aka gina don mutum ɗaya, komai nasa yana zaton kwamfuta ɗaya ce take yanke hukunci. Ranar da aka zama biyu, dole kowace bishiya da aka sare da kowane kuɗi da aka kashe su zo daidai a wurin kowa, ga jinkirin intanet, ga wanda layinsa zai yanke ana tsakiyar wasa. Kusan sake gini ne daga tushe. Stardew Valley ya fito a Fabrairun 2016, wasa da abokai bai shigo cikinsa ba sai Agustan 2018, kuma Eric Barone da ya yi gem ɗin shi kaɗai sai da aka taya shi wannan ɓangaren. In ba ka da niyya, ka fito ka ce a'a tun yanzu, ka rubuta dalili a wuri ɗaya, duk wanda ya sake tambaya ka tura masa. Na ga mutane suna haƙura da a'a mai dalili fiye da yadda suke haƙura da "wataƙila".

Mai buga gem:
Ku yi haƙuri in tsoma baki, ni ba na ƙirƙira, saye nake ina bugawa, kuma na daɗe ina taya wani ƙaramin kamfani kula da zaurensu na Discord. Malamai, ina so ku ji ta ɓangarenmu. Wanda ya sayi gem a Early Access kuɗinsa ya ba ku kan abin da bai gama ba, kuma da zarar ya wuce awa 2 yana bugawa, ƙa'idar mayar da kuɗi ta Steam ta wuce shi. Da yawanmu an sha mu, mun sayi gem mai shi ya ɓace ba sallama. Saboda haka in kuka yi shiru, abin da yake fara zuwa ranmu shi ne an gudu. Kar ku dubi Team Cherry da suka sanar da Silksong a 2019 suka yi shiru kusan gaba ɗaya har ya fito a Satumban 2025. Su gem ɗinsu na farko, Hollow Knight, ya riga ya tsaya musu, kuma ba su sayar wa jama'a rabin gem ba. Kai da kake Early Access ba ka da wannan gatan. Yanzu ma Steam kansa yakan manna gargaɗi a shafin irin waɗannan gem ɗin in an daɗe ba a sabunta su ba.

Abin da na ga yana kwantar da zaure ba amsa kowa ba ne. Rubutu ɗaya ne a kai a kai: ga abin da na gyara, ga abin da nake kai yanzu, ga abin da na ji kuna faɗa. Ko layi goma ne ya wadatar. Ranar da mai gem ɗinmu ya saki irin wannan, rabin masu faɗa sukan koma su ne masu kare shi.

Tsohon hannu:
Gaskiyarka malam, ban ce a ɓace ba. A faɗi abin da aka yi, a kama baki kan abin da za a yi.

Mai gem ɗin tsere:
Akwai abin da ba a taɓo ba, kuma shi ya kusa raba ni da sana'ar nan. Buƙata daban, cin mutunci daban. Na taɓa sauya yadda motoci suke shan kwana, wasu tsofaffin masu wasa ba su so ba. Cikin dare ɗaya aka cika mini akwatin saƙo da zagi, wani har ya binciko shafina na kaina ya je yana rubutu a ƙarƙashin hotunan iyalina. Ina kwance ina karantawa, barci ya ƙaurace mini, na wayi gari ko kwamfuta ba na son buɗewa. Yabo ɗari ba ya zama a rai kamar zagi ɗaya, duk wanda ya ce maka ba ya jin zafinsa bai gaya maka gaskiya ba.

Wannan ba sabon abu ba ne. Mutum biyun da suka yi Ooblets sun sha dubban saƙonnin ƙiyayya da barazana a Agustan 2019, don kawai sun sanar cewa a kwamfuta gem ɗinsu a shagon Epic kaɗai zai fito. Shi ma Sean Murray an yi masa barazanar kisa a 2016 saboda an ɗage ranar fitowa daga Yuni zuwa Agusta.

Ga abin da ya cece ni. Na raba shafin gem da shafina, na kulle nawa. Na cire manhajojin daga wayata, sai a kwamfuta nake dubawa, shi ma da rana bayan na yi aikin yini. Na roƙi mutum biyu daga cikin masu hankalin zauren su riƙa tace mini saƙonni, su kawo mini tangarɗa da shawara, su share zagi. Na rubuta doka a bakin ƙofa: ka kushe gem ɗin son ranka, amma ka zagi mutum ka fita. Kuma ba na mayar da martani da zafin rai, ko an yi mini ƙarya. A 2013 Phil Fish, wanda ya yi gem ɗin Fez, ya soke ci gabansa, Fez II, bayan wata cacar baki a Twitter, kuma har yau ba a sake ganin gem ɗin ba.

Mai zane:
Allah ya kiyaye gaba, ɗan'uwa. Zan ƙara abu ɗaya ga mai tambaya: masu surutu a zaure ba su ne duka masu buga gem ɗinka ba. Galibinsu 'yan gani-kashe-ni ne da suka ƙware, abin da suke nema ƙarin wahala ne da ƙarin kaya a ƙarshen wasa. Wanda ya buga kaɗan ya gaji ya ajiye ba zai zo ya gaya maka ba. Ka duba lambobin yabon nan da mai wasa yake samu in ya kai wani mataki a gem, waɗanda Steam yake nuna kason waɗanda suka samu kowanne, za ka ga a inda mutane suke zubewa. Mu a matakin koyarwa na farko muka ga muna asarar su, alhali a zaure ba wanda ya taɓa ambatonsa.

Mai gem ɗin gina gari:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Wasa da abokai dai zan fito in ce babu shi, in bayyana dalili. Rubutun mako-mako ma zan fara. Abin da ya rage yana cin raina shi ne masu barazanar juya sharhi. Kason yabona bai fi ƙarfin 70 cikin 100 da yawa ba, in ya sauka ƙasa da haka Steam zai nuna cewa ra'ayoyi sun rabu, kuma na san hakan yana korar masu saye.

Mai gem ɗin tsere:
Na shiga wannan ramin. Tun 2019 Steam yana cire ambaliyar sharhin da ba ta shafi gem ɗin ba daga lissafi, amma naka ƙorafi ne kan tsarin wasa, don haka za a ƙirga shi, kar ka dogara da wancan. Abin da na yi shi ne na buɗe reshen gwaji, wato wani kwafin gem ɗin daban da mai so zai iya shiga, na sa sabon tsarin a can, na gayyaci masu ƙorafin su gwada su faɗa mini. Wasu sun juya sharhinsu da kansu, wasu ba su juya ba, na bar su. Kai ma ka sa haraji iri biyu a reshen, mai sauƙi da wanda yake akwai, ka nemi kowa ya turo maka fayil ɗin garinsa tare da ra'ayinsa.

Mai zane:
In fayilolin sun zo, ka fara duba yawan kuɗin da yake baitulmalin kowane gari a ranar da harajin farko ya faɗo. Ka dawo ka gaya mana abin da ka gani.