Ina ake samun tallafin binciken zaizayar gaɓar teku?

Ɗalibar digiri na biyu:
Assalamu alaikum. Ina shirin yin bincikena a kan Ayetoro, garin masunta da aka kafa a 1947 a ƙaramar hukumar Ilaje ta jihar Ondo, wanda teku ya riga ya cinye babban yankinsa, har da gidaje da makarantu. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne kuɗin zama a can, domin auna gaɓa da jin ta bakin mutanen gari ba aikin mako guda ba ne. Don Allah wace ƙofa zan ƙwanƙwasa?

Malamin jami'a:
Wa alaikumus salam, Malama. Asusun TETFund yana ba da tallafin bincike na ƙasa, sai dai malaman manyan makarantun gwamnati ne ke nema, don haka ki roƙi mai duba aikinki ya sa ki cikin tawagarsa. Ki kuma riƙa bibiyar sanarwar cibiyar ACECoR ta Jami'ar Cape Coast a Gana, wadda Bankin Duniya ya tallafa wa domin horar da ɗalibai a kan lamuran gaɓar teku.

Injiniyan ruwa:
Malama, ki ƙarfafa takardarki da hujjar asara, domin ita masu kuɗi suka fi saurara. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa lalacewar gaɓa ta jawo wa Benin da Kodibuwa da Senegal da Togo asarar dala biliyan 3.8 a 2017 kaɗai. Abin da ke damuna shi ne ana samun kuɗin jibge duwatsu a bakin teku cikin sauƙi, amma na awo na shekara da shekaru yana wuya. A Saint-Louis ta Senegal, a 2003, an yanka mashigi mai faɗin mita 4 a zirin yashin Langue de Barbarie cikin gaggawa don kogi ya malale, ba tare da cikakken nazari ba. Mashigin ya buɗe har ya kai kilomitoci, ruwan gishiri ya shiga gonaki, masunta da dama kuma suka halaka wajen tsallaka shi da kwale-kwale.

Mai aiki da masunta:
Ki ware kuɗin tafinta da hayar kwale-kwale a kasafinki, 'yar'uwa, kada kuma ki tsallake matan da ke ƙyafe kifi. Su ne za su nuna miki inda rumfunansu suke a da, da lokacin da igiyar ruwa ta fi ɓarna.