An sha maganin H. pylori amma olsa ta ƙi tafiya, wai akwai sabon magani?

Maman Hanifa

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu ilimin lafiya a cikinku ku taimaka min da shawara. Maigidana ne yake fama da olsa ya jima, an yi masa gwaji aka ce yana da ƙwayar cutar nan mai jawo olsa, H. pylori, aka ba shi maganin nan mai zuwa a kwali ɗaya, omeprazole da clarithromycin da amoxicillin, ya sha ya ji sauƙi har muka ɗauka an rabu ke nan, bayan 'yan watanni abu ya dawo, ƙwannafi da kumburin ciki da gyatsa, da daddare kuwa sai dai ya tashi zaune saboda zafin da yake ji a ƙahon zuciya. Ya koma kemis aka sake ba shi irin kwalin, wannan karon ko sauƙin bai samu ba sai ɗacin baki da gudawa. An sake gwajin jini aka ce har yanzu tana nan. Wani abokinsa ya ce wai ƙwayar ce ta daina jin magani kuma an fito da wani sabo a ƙasar waje. Gaskiya ne? Ya sunansa? Wlh duk ya rame, ga azumi yana matsowa, hankalina ba a kwance yake ba.

Abu Safwan

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Ni aikin harhaɗa magunguna nake yi kuma irin labarin nan kusan kullum sai na ji shi. Maganar abokinsa akwai gaskiya a ciki. Clarithromycin ɗin da ke cikin kwalin shi ne ƙwayar ta fi saurin bijire wa, har a 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka H. pylori mai bijire wa clarithromycin cikin jerin ƙwayoyin da ake buƙatar sababbin magunguna a kansu. Kuma in ta bijire sau ɗaya to ta bijire, ko kwali nawa zai sha irin wannan asarar kuɗi ce da wahalar da ciki, don haka dan Allah kar ya sake saye. Abin da mutane ba su lura da shi ba, azithromycin da erythromycin 'yan gida ɗaya ne da clarithromycin, wanda ya saba haɗiyar azithromycin in ya yi mura ko tari, musamman yadda aka yi ta sha lokacin korona, zai iya yiwuwa ƙwayar cikinsa ta riga ta koyi kare kanta tun kafin a fara yi masa maganin olsar. Haka Flagyl, mu nan ciki na ɗan murɗawa sai a sha ƙwaya biyu a ajiye, shi ya sa shi ma ƙarfinsa a kanta ya ragu sosai a Afirka.

Abin da aka fi komawa yanzu shi ne haɗin guda huɗu, bismuth da tetracycline (ja da yalo ɗin nan) da metronidazole (wato Flagyl) da maganin rage asid, kwana 10 zuwa 14. Akwai wanda aka haɗa uku a kafso ɗaya sunansa Pylera, ana shan kafso uku sau huɗu a rana. Yana da wahalar sha gaskiya, ƙwayoyin da yawa, harshe da bahaya suna yin baƙi saboda bismuth, kuma ba a haɗa tetracycline da madara ko nono a lokaci ɗaya don suna hana shi shiga jiki, mai ciki da ƙananan yara ba sa sha. Amma likita ne zai rubuta, ba a kemis za a haɗa masa ba.

Dakta U.

'Yar uwa, abu biyu ne suka tsaya min a rai cikin bayaninki kafin ma mu zo kan sabon magani. Na farko gwajin jinin nan. Shi jini alamar da garkuwar jiki ta bari yake nunawa, kuma alamar tana iya zama watanni ko shekaru bayan ƙwayar ta mutu, don haka ba a tabbatar da warkewa da shi ko kaɗan. Gwajin bahaya ake yi ko na numfashi, aƙalla sati 4 bayan gama antibayotik, kuma sai ya tsayar da omeprazole sati 2 kafin gwajin in ba haka ba zai iya nuna babu alhali akwai. Na biyu kuma wanda ya fi damuna, kin ce ya rame. Rama tare da ciwon ciki da ya ƙi jin magani, ko baƙin bahaya kamar kwalta, ko aman jini, ko wahalar haɗiya, duk wanda ya ga ɗaya daga ciki ya kamata a zura masa kyamara a leƙa cikin, wato endoskopi, manyan asibitocin koyarwa suna yi. Ba tsorata ki nake ba, amma tun 1994 aka sanya wannan ƙwayar cikin abubuwan da ke jawo kansar ciki, kuma a wurin leƙawar ana iya ɗan gutsuro nama a duba.

To sababbin magunguna, eh akwai. Wanda aka fi magana a kai vonoprazan ne, kamfanin Takeda na Japan ya yi shi, an fara sayar da shi a can a 2015, Amurka ta amince da shi don H. pylori a 2022 da sunan Voquezna. Shi ba ya kashe ƙwayar da kansa, asid yake dannewa fiye da omeprazole kuma tun ranar farko yake kamawa. Amfanin haka, ƙwayar tana lafewa ne in asid ya yi yawa, in ya ragu sai ta fara hayayyafa, shi kuma amoxicillin lokacin da take hayayyafa yake iya kashe ta. A babban gwajin da aka yi a Amurka da Turai, cikin masu ƙwayar da ta bijire wa clarithromycin, tsohon haɗin ya warkar da wajen kashi 32 cikin 100 ne kawai, vonoprazan da amoxicillin su biyu kaɗai suka warkar da wajen kashi 70. Kin ga ci gaba ne babba amma har yanzu akwai ukun da ba su warke ba cikin goma.

Na biyu Talicia, an amince da shi a Amurka a 2019, rifabutin ne da amoxicillin da omeprazole a kafso ɗaya, ya kai wajen kashi 84 a gwajinsa. Sai dai ni a ganina wannan ba abin da za mu yi ta rabawa ba ne a nan, rifabutin ɗan uwan rifampicin ne da ake maganin tarin fuka da shi, ga yadda tarin fuka yake a ƙasar nan, in muka lalata shi a kan olsa mun yi babbar asara. Yana kuma karo da wasu magungunan ƙanjamau, yana iya rage fararen ƙwayoyin jini, fitsari ma yana canja launi.

Hajiya Ummi

Maman Hanifa sannu, Allah ya kawo sauƙi. Ni dai abin da na ga ya taimaki mutane da yawa zuma ce mai kyau da habbatus sauda da safe kafin a ci komai, wasu kuma ruwan kabeji, sannan ya rage yaji da shayi mai kauri da zama da yunwa. Kuma ki bincika ko yana shan maganin gajiyar nan da ake ƙullawa a leda, maza da yawa in sun dawo daga kasuwa sai sun sha.

Abu Safwan

Hajiya Ummi kin taɓo wuri mai muhimmanci wlh. Ƙullin maganin gajiya yawanci akwai diclofenac ko ibuprofen ko piroxicam a ciki, kuma su kaɗai ma suna haƙa gyambo a ciki ko babu wata ƙwaya, in suka haɗu da H. pylori kuwa haɗarin zubar jini ya ƙaru. Zuma da habba ya sha abinsa in yana jin daɗinsu, amma kar a tsaya a kansu a fasa zuwa asibiti, ciwo na iya lafawa ƙwayar tana nan daram.

Maman Hanifa

Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Eh yana shan ƙullin nan in jikinsa ya yi tsami, yau ɗin nan zan yi masa magana. Dakta to mu fa da yara, tunda kwano ɗaya muke ci, ko mu ne muke sake shafa masa?

Dakta U.

Tana yawo a cikin gida, ta baki da ruwan sha mara tsafta da hannun da ba a wanke ba, kuma yawancin mutane tun suna yara suke kamuwa. Binciken da aka yi a yankin Maiduguri farkon shekarun 1990 ya samu mafi yawan manya suna ɗauke da ita, da yawansu ba sa jin komai. Amma in ciwo ya dawo cikin 'yan watanni kamar nasa, an fi zaton tun farko ba ta mutu ba. Ke za ki iya yin gwajin bahaya, musamman in kina jin alamu ko akwai wanda ya taɓa yin kansar ciki a danginku, yaran da ba abin da ke damunsu a bar su tukuna. In za ku je asibiti ku tafi da kwalayen da ya sha da sunan duk wani antibayotik da kuka iya tunawa, da shi likita zai san wanda zai kauce wa, ku kuma faɗa in penisilin yana yi masa ƙaiƙayi ko kumburi don amoxicillin danginsa ne. Ku yi ƙoƙari a gama kafin azumi tunda haɗin guda huɗun sau huɗu ake sha a rana, ba zai yiwu a matse shi tsakanin buɗa baki da sahur ba.