Masu shan maganin ciwon hanta: da wane gwaji ake gane maganin yana aiki?

Baban Khalifa, Zariya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun bara nake shan tenofobir saboda ciwon hanta nau'in B. Kwanan nan na sake gwajin HBsAg, wato gwajin jinin da ke nuna ko mutum na ɗauke da cutar, har yanzu yana nuna akwai cutar, hankalina ya tashi ƙwarai. Ku da kuka riga ni fara magani, me likitocinku ke dubawa?

Maman Zainab, Kano:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, kwantar da hankalinka. HBsAg ba shi ne ma'aunin aikin magani ba, mafi yawanmu zai ci gaba da nunawa shekara da shekaru. Abin da likitana ke nema shi ne yawan ƙwayar cutar a jini, gwajin HBV DNA. Takardata ta farko lamba ce doguwa, sifili bayan sifili, sai da na sa yatsa ina ƙirgawa. Ta baya-bayan nan kuwa an rubuta ba a gano ƙwayar ba. Na yi kuka don murna, amma likita ya zaunar da ni ya ce ba warkewa ba ce: ƙwayar tana da mafaka a cikin hanta, maganin danne ta yake yi. Don haka kullum bayan sallar isha'i nake haɗiye ƙwayar maganina, har gobe.

Malam Sani, Maraɗi:
Gaskiyar Hajiya ce. Ku kula da gwajin ALT ma, shi ke nuna ko hanta tana shan wahala a yanzu. Yayana ya ga nasa ya sauka, jikinsa ya yi ƙarfi, sai wani mai maganin gargajiya ya ce masa ai ya warke. Ya ajiye magani. Bayan wasu watanni idanunsa suka yi ɗorawa da shawara, fitsarinsa ya koma kamar shayi, sai da aka kwantar da shi. Allah ya sa da sauran kwana. Don Allah kada kowa ya daina sha ba da sanin likita ba.

Ummi, Kaduna:
Ni damuwata kuɗi ce. Gwajin HBV DNA yana da tsada, kuma ba kowane asibiti ke yin sa ba. Likitata ta ce sau ɗaya a shekara ya wadatar tunda ina shan magani ba fashi. Ta kuma nuna mini lissafin APRI, wanda ake fitarwa daga gwajin AST (wani gwajin hanta irin na ALT) da yawan ƙwayoyin da ke daskarar da jini, don a kimanta tabon da ke hanta. Ta ce a ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2024, wanda nasa ya haura 0.5 ya cancanci fara magani, haka ma wanda yawan ƙwayarsa ya wuce 2,000 a gwajin HBV DNA tare da hawan ALT.

Maman Zainab, Kano:
'Yata, kada ki manta da ƙoda. Tenofobir kan taɓa ta a wasu mutane, shi ya sa ake duba kiriyatinin, gwajin jinin da ke nuna aikin ƙoda. Ni kuma tunda an ga tabo a hantata, duk wata 6 ana yi mini hoton ciki da gwajin jini na AFP don tsoron ciwon daji na hanta, ko da ƙwayar ta kwanta.

Alhaji Bala, Jos:
Nawa nau'in C ne, labarinsa daban. Na sha sofosbubir da dakalatasbir mako 12, aka sake jiran mako 12 bayan gamawa, sannan aka yi gwajin HCV RNA, mai neman ƙwayar cutar a jini. Ba a ga komai ba, likita ya ce wannan warkewa ce, alhamdulillahi. Sai dai gwajin tsinke na gaggawa har yanzu yana nuna layi biyu, domin garkuwar jiki yake gani, ba ƙwayar ba. Wani ɗakin gwaji ya ce mini cutar ta dawo, likitana ya ce a maimaita na RNA, kuma bai nuna komai ba.

Ummi, Kaduna:
Alhaji, barka da arziki. Akwai wanda ya san inda ake yin HBV DNA da na'urar GeneXpert a nan kusa? An ce tana fitar da sakamako a rana ɗaya.