Motar Asabar ko Motar Kullum? Musayar Baitoci Tsakanin Jidda da Makka

Auwalu Hindawiyya, Jidda:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, kuma a waƙe nake son amsa kamar yadda muka saba. Kowa ya zaɓi amsa-amonsa.

Bismillahi, da Shi nake farawa,
Mai hore wa bawa abin hawa.

Na je haraj, kasuwar motocin Jidda, ran Asabar,
Neman Camry, ba don shaƙatawa.

Sai ga wata ja a gefe ta lafe,
Ko ƙirjina rufinta ba ya kaiwa.

Mazda ce, MX-5 sunanta,
Kujeru biyu, ba wurin ƙarawa.

Giya shida, da hannu ake sa su,
Ƙafar hagu na da abin takawa.

Nauyinta tan guda da 'yan kai ne,
Tayun baya ke aikin turawa.

Rufin yadi ne, da hannu ɗaya tak
Ka ja shi baya, sama na buɗewa.

Tun 1989 ake yin ta,
Hiroshima ce garin ƙerawa.

A 2016 ta cika miliyan,
Ba don girma ba, don daɗin tuƙawa.

Na zauna ciki na kama sitiyari,
Sai hanyar Hada nake hangowa.

Daga Makka a doshi Ɗa'ifa,
Kwana bisa kwana, ana ta hawa.

Camry kuwa ba ta da laifin komai,
Duk inda ka ce mata tana kaiwa.

Sai dai ita ke tuƙin, kana zaune,
Giyarta da kanta take canzawa.

Kuɗin guda ɗaya ne a hannuna,
Ku faɗa mini wadda zan ɗaukowa.

Hajiya Turai, Rusaifa, Makka:

Wa alaikumus salamu ɗana Auwalu,
Na karanta, na ji abin da ke ranka.

Kujeru biyu ka ce? To mu lissafa:
Ɗaya taka, ɗaya ta matarka.

Yaran nan biyu fa, ina za su?
Ko a but za ka zuba 'ya'yanka?

Ka manta garin da kake zaune?
Jidda ce fa, mashigar Makka.

Duk wanda ya taso Kano don Umara,
A 'yar takarda an ba shi lambarka.

Ƙarfe biyun dare waya ta yi ƙara:
"Mun sauka, ɗana, ni ne kawunka."

Ga shi, ga goggo, ga jikarta,
Ga ƙullin daddawa, ga buhun kuka.

Dabino, darduma da jallabiyya,
Ran komawa kayan sun ninka.

In ka ce wa kawu ya nemi tasi,
Kafin asuba Fagge ta ji labarinka.

Motar mazaunin ƙasar nan, ɗana,
Rabi na baƙi ne, rabi ne naka.

Sayi mai ƙofa huɗu ka huta,
Allah Ya sanya mata albarka.

Isiyaku Bazazzagi, Bab Makka:

Hajiya ta gama magana. Ni dariya kawai na zo yi.

Jama'a ku taho ku ga Bakano,
Yau son riba ya saki wuyanshi.

Mutumin da ke taya lemo ɗaya,
Yau motar wasa ke cin ranshi.

Rufi a buɗe a Jiddar Yuli?
Rana za ta toye mai gashi.

Zafi ya haura arba'in, ga gumi,
Iskar teku ta jiƙe rigarshi.

A Yunin 2010 an ga 52
A garin nan, ku je ku tuna mashi.

In ya hau Hada da rufin a buɗe,
Birai na bakin hanya jiran shi.

Su da ke fizgar ayaba ta taga,
Yau ga mota babu murfi, ga shi.

Ɗaya zai haye kujerar gefe,
Ɗaya ya gudu da hular kanshi.

Ga kyamarar Sahir ta kafa ido a titi,
Walƙiya ɗaya, saƙo ya iske shi.

Gudun da ya zuba kuɗi ya saya,
Tara ce za ta cinye albashinshi.

Usta Garba, Sana'iyya:

Ni hannuna ya fi sanin sifana a kan alƙalami, amma ga nawa. In kari ya karye ku yafe.

Isiyaku ka yi dariya, mun ji,
Amma batun gudu yana son gyara.

Ƙaramar nan ba gudu ne aikinta ba,
Dokinta bai kai 200 ba, saurara.

Camry mai silinda shida ta fi ta,
Doki kusan 300 ta tara.

A miƙaƙƙen titin zuwa Madina,
Camry za ta bar ta cikin ƙura.

Daɗinta a kwana yake, a sittin,
Inda Sahir ba ta rubuta tara.

Sitiyarin na gaya maka halin kwalta,
Ka san inda za ka rage ko ƙara.

Wannan haƙƙinta ne, na biya ta.
Auwalu, ga inda wuya ta fara:

But ɗinta lita 130 ne,
Jaka biyu ƙanana, babu saura.

Babu safaya, sai gam da famfo,
Taya ta tsage, motar janwe za ka kira.

Fetur 95 take so ta sha,
Riyal 2.33 lita, ka lura.

Camry 91 ya ishe ta,
A 2.18, ragowar na yara.

Kayan Camry kowane shago akwai,
A tashlih, filin matattun motoci, ma an jera.

Fitilar waccan in ta fashe kuwa,
Sai oda daga waje, ka zauna jira.

Ga ta a ƙasa, tudun rage gudu
Sai ka hau shi a karkace, da dabara.

Ka tuna ruwan Nuwamban 2022,
Har jif-jif ya kwasa ya tattara.

Kuloci kuma a cunkoson yamma,
Gwiwar hagu ce za ta kai ƙara.

Baba Sale Direba, Misfala:

Jikata ce ke buga mini, ni ina faɗa. Ku yi haƙuri da tsawonta, tsoho in ya fara ba ya gajartawa.

Yara, kun yi lissafi daidai,
Duk abin da kuka faɗa na sani.

Tuƙi ne sana'ata tun ƙuruciya,
Gemuna ya yi fari a motar wani.

Na ja bas ta alhazai zuwa Arfa,
Mina da Muzdalifa a tsakar rani.

Na ja GMC ta gidan Balarabe,
Kai yara karatu, ɗauko magani.

"Tsaya nan." "Juya can." "Rage sanyi."
Kowa da inda zai aike ni.

Ran nan ɗan maigida ya miƙo makulli:
"Kai ƙaramar motata Ɗa'ifa ka jira ni."

Na yi asuba a Makka na kama hanya,
Babu kowa a baya mai tsawata mini.

Na sauke gilas a gindin dutsen Kara,
Sanyi na saukowa yana dukana ni.

Giya ta uku, kwana, in koma ta biyu,
In taka, injin yana amsa mini.

Hazo ya kwanta a gefen dutse,
Motocin baya suna can ƙasa da ni.

Da na kai Hada na kashe na fito,
Na sha shayi, ba mai hanzarta ni.

Ran nan na gane ina son tuƙi,
Da can abincin yara ya riƙe ni.

A Kano mai doki na ba shi harawa
Shekara guda don hawan 'yan wuni.

Ba a taɓa ce masa ya yi wauta ba,
Wai jaki ya fi doki amfani.

Hajiya, baƙi ba sa ƙarewa,
Ga jirgin ƙasa na Haramaini.

Tun 2018 yake ta jigila,
Filin jirgi ma da tasha, je ki gani.

Tasharsa ta Makka a Rusaifa take,
Unguwarki ce, kin fi ni bayani.

Auwalu, gwiwa ba ta jiran kowa,
Tawa yanzu sanda ke tallafa mini.

In iyalinka ba za su tagayyara ba,
Sayi ja, ka zo Misfala ka ɗauke ni.

Hajiya Turai:

Malam Sale, jirgin ina ganin sa kullum,
Amma kawu ba ya shiga sai an raka.

Jaka ɗaya babba suka yarda da ita,
To ina za a kai buhun kuka?

Mai dokin nan yana da jaki a gida,
Yaro kuɗin ɗaya ne, gyara lissafinka.

Bilkisu, Unguwar Safa, Jidda:

Baba, Hajiya, a gafarce ni in sa baki cikin zancen manya.

An yi batun kawu, an yi na birai,
Mutum ɗaya ce kowa ya manta.

Yaya Auwalu, Anti na da lasin,
Tun da aka buɗe tuƙi ga mata.

Yunin 2018 ne, mun shaida,
Ni da ita muka shiga makaranta.

Da otomatik ta koya, ka sani,
Kuloci baƙo ne ga ƙafarta.

In ka sayi ja, taka ce kai kaɗai,
Ita ta koma jiran mai kai ta.

Lahadi zuwa Alhamis aiki ne,
Biyar cikin bakwai ke nan sun fita.

Juma'a wanka, masallaci, surukai,
Asabar kaɗai Hada za ta gan ta.

Ga kuɗin iyali na kan igama, takardar zama,
Riyal 400 kan kowa duk wata.

Mutum uku, 1,200 ke nan,
Kafin haya, kafin kuɗin wuta.

Baitin Baba ya sa ni hawaye,
Amma ɗan maigida ne ya sai ta.

Daɗin da ya ji na aro ne, ku duba,
Wani ke inshora, wani ke gyara ta.

Sayi Camry, ran da Hada ta kira ka,
Nemi haya ta yini ka more ta.

Isiyaku Bazazzagi:

Filin Formula na Kornish na nan,
Tun 2021 ake tsere cikinshi.

Lanƙwasa 27 gare shi, ya yanki tikiti,
Ya zauna ya kalla, ya huce haushi.

In ko ya ce zai murza ta a titi,
Tarar tafhiɗ, wasan mota, riyal 20,000 ne farkonshi.

Auwalu Hindawiyya:

Na gode iyayena da 'yan uwa,
Har Bazazzagi mai baki ba rufewa.

Tafhiɗ ba halina ba ne, Isiyaku,
Mai 'ya'ya ba ya wasa da rayuwa.

Na kai wa uwargida baitocinku,
Ta karanta na Bilki tana darawa.

Ta ce: "Kuloci ba dodo ba ne,
In ka koya mini, ina iyawa.

Amma kujeru biyu, mu huɗu ne,
Wannan lissafin ba ya gyaruwa."

Na ce to a raba kuɗin gida biyu:
Camry tsohuwa don kai da kawowa,

Ragowar in nemi ja mai shekaru,
Ko da fentinta ya fara koɗewa.

Usta Garba, kai ne ka san ciki,
Wannan dabarar tana ɓullewa?

Usta Garba:

Tsofaffi biyu, inshora biyu ke nan,
Takardar mota biyu, gwajin lafiya biyu a shekara.

Ni dai ba zan ƙi ba, kasuwata ce,
Garejina zai samu mai ziyara.

Kar ka ba da kafin alƙalami tukuna,
Kawo ta mu hau da ita ramin gyara.

In ga ko ruwan Jidda ya taɓa shan ta,
Don a ƙasan kafet tsatsa kan fara.

In watsa wa rufin ruwa da tiyo,
In ga ta inda zai bi ya zurara.

In sa giya babba in take totur,
In kulocin ya cinye, sai dai ƙara.

Ka taho da Baba Sale ya ja ta,
Kunnensa ya fi na'urata basira.

Isiyaku kuma ya biya kuɗin shayi,
Shi ya fi kowa baki, ita ce tara.

Baba Sale Direba:

Asabar bayan sallar asuba ina ƙofar gida. Auwalu, ka zo da matashi, bayana ba ya son kujera mai ƙasa.