Agogo ko ido: gardamar bugun yadi 50

Injiniya: Jama'a, na faɗa jiya a filin golf, zan maimaita a nan. Duk mai auna bugun yadi 30 zuwa 80 da "yadda jikinsa ya ba shi", caca yake yi. Nisan da ka ja sanda baya shi ke yanke nisan ƙwallo, saurin lilon kuma ka bar shi yadda yake. Ka ɗauki hannunka na hagu kamar hannun agogo: 7:30, 9:00, 10:30. Weji (sandar gajeren bugu mai ɗaga ƙwallo sama) huɗu, matsayi uku, nisa 12 ke nan a aljihunka. Kocin golf Dave Pelz, wanda ya taɓa aiki a hukumar sararin samaniyar Amurka NASA, shi ne ya yaɗa tsarin, kuma yana horar da ɗan wasa Phil Mickelson lokacin da Mickelson ya ci babbar gasar Masters a 2004.

Baba Alhaji: Ku injiniyoyi komai sai kun sa masa lissafi. Seve Ballesteros, shahararren ɗan golf na Sifen, da sanda ɗaya tal, mai lamba 3, ya koyi golf a bakin teku a garinsu Pedreña. Wane agogo ya ɗaura? In zan jefo maka lemo daga nan zuwa ƙofa, kafaɗata zan tsaya aunawa? Ido ya gani, hannu ya aika.

Injiniya: Ranka ya daɗe, Seve tun yana yaro kullum sanda na hannunsa. Mu kuwa daga Asabar sai Asabar.

Hajiya: Ni kam agogon ya yi min rana. A da nakan ja sanda har ƙeya, in na sauko sai tsoro ya kama ni kar ƙwallo ta zarce tutar rami, in sassauta hannu. Sai bakin sandar ya nutse a ƙasa, ciyawa ta yi tsalle ta fi ƙwallon nisa, ita kuma ta gangara cikin ramin yashi ina kallo. Da na koma tsayawa a 9:00 ina wucewa da sanda ba jan ƙafa, wejina mai digiri 56 kusan kullum yadi 45 take ba ni. Amma Injiniya, ka ji abin dariya: 'yata ta ɗauke ni bidiyo a waya. Na rantse a 9:00 na tsaya, ashe hannun ya kai 10:30.

Baba Alhaji: Yauwa! Kin gama magana, Hajiya. Ashe agogon ma da jiki ake jin sa.

Hajiya: A'a Baba, kar ka ja ni ɓangarenka. Ko ƙarya agogona yake yi, ƙarya ɗaya yake maimaitawa kullum, yadi 45 ɗin nan dai.

Tsohon mai jaka: Ku gafarce ni manya, na daɗe ina ɗaukar jakar 'yan wasa ina kallo. Agogo yana gaya maka inda ƙwallo za ta sauka, bai san inda za ta tsaya ba. Da damina, in ƙwallo ta sauka sai ta zauna kamar an ajiye ta. Da hunturu ƙasa ta bushe ƙaƙas, bugun nan dai sai ta yi tsalle biyu ta bar girin, wato lallausar ciyawar da ke kewaye da rami. Kuma a ƙasa mai tauri gindin weji yakan yi tsalle, bakinta ya sami ƙwallo a tsakiya, ta fita kamar an harba ta. Ka hau Jos, wajen mita 1,200 sama da teku, iska ba nauyi, ƙwallo na ƙara nisa. Lambobin da ka auna a wani wuri sai ka sake aunawa a filin golf na Rayfield da ke Jos.

Injiniya: Malam, wannan na karɓa. Amma gyaran da kake faɗa ai a kan wata lamba za a yi shi. Wanda bai san nisansa ba, me zai rage?

Baba Alhaji: To a daina ɓata data. Asabar bayan la'asar, ƙwallo goma-goma daga yadi 50. Wanda nasa suka fi nesa da rami shi zai sayi tsire.

Hajiya: Zan zo da tef ɗin awo. Baba, ka zo da kuɗin tsire, yajin kar ya yi yawa.